Daga Alƙalami Zuwa Ɗakin Sauraro: Darasin Balaraba Ramat Yakubu Ga Zangunan Accra

A takarda, ƙasar Ghana ba ta yi wa wadda aka ci zarafinta rowar doka ba. Tun 1998 rundunar 'yan sandan ƙasar ta buɗe sashe na musamman mai karɓar ƙorafin mata da ƙananan yara, wanda daga baya aka faɗaɗa aikinsa, yau kowa ya san shi da DOVVSU. A wannan shekarar ce kuma dokar kare yara ta tsayar da 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ta haramta yi wa yaro ko yarinya baiko ko aure bisa tilas. A 2007, bayan an shafe shekaru ana kai ruwa rana tsakanin ƙungiyoyin mata da 'yan majalisa, aka zartar da doka mai lamba 732 kan cin zarafi a cikin gida. Wanda kuwa ya yi lalata da yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ke jiransa. Duk da haka, wani bincike na ƙasa da aka fitar a 2016 ya gano kashi 27.7 cikin ɗari na mata sun gamu da wani nau'in cin zarafi a gida cikin shekarar da ta gabaci binciken. Wani na 2017 zuwa 2018 ya nuna kusan mace ɗaya cikin biyar, 'yan shekara 20 zuwa 24, an aurar da ita tun ba ta cika 18 ba. Alƙaluman na ƙasa ne baki ɗaya, ba na wata ƙabila ko wani addini ba. Abin da suke nunawa shi ne akwai tazara mai faɗi tsakanin doka da wadda aka rubuta dokar dominta, kuma ɗan sanda ba ya iya cike ta, domin shi sai an zo an faɗa masa. Mai iya sa a buɗe baki a faɗa, sau da yawa, mai fasaha ne: marubuci, ɗan wasa ko mawaƙi. Amma ba kowace hanya ce ke ɓullewa ba. Aikin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ya nuna wadda ke ɓullewa, kuma mutanen zangunan Accra irin su Madina da Nima da Maamobi suna da dalili na musamman na duba ta da kyau.

A fara da yadda shirun yake ginuwa. Madina, wadda aka kafa a 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, ta tashi daga 'yar unguwar baƙi ta zama gari mai babbar kasuwa, amma a tsofaffin layukanta, kamar na Nima da Maamobi, zaman gidan haya ne ya fi yawa: ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida ɗaya, Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Dagomba da Fulani, Hausa ce ke haɗa bakinsu. A irin wannan gida ba abin da ke ɓuya. In aka bugi mace da tsakar dare, maƙwabciyarta ta ji saukar marin ta bango, ta ji kukan da ake dannewa da bakin zani. Da safe su haɗu wajen ɗiban ruwa, ɗaya ido a kumbure. "Maman Fati, an tashi lafiya? Me ya sami idon?" Ta ce, "Lafiya lau yaya, ƙofa ce ta buge ni." Kowa ya sani, kowa kuma ya yarda ya yi kamar bai sani ba. In abin ya yi tsanani ta gudu gida, abin da za ta ji ta riga ta haddace shi: "Yi haƙuri 'yata, aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka zauna." In kuwa ƙaramar yarinya aka lalata, kuma mai laifin kawu ne ko malami ko ɗan mai gida, sai manya su taru a ce a kashe maganar a cikin gida, kada sunanta ya ɓaci ta rasa miji. Limami da sarkin zango suna sasanta rigingimu masu yawa da kotu za ta shekara ba ta gama ba, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai sulhu yana yiwuwa ne tsakanin mutum biyu da kowannensu ke iya cewa a'a. Tsakanin yarinya 'yar shekara 12 da mutumin da iyayenta ke zaune a gidansa, abin da ake kira sulhu umarni ne kawai.

Hajiya Balaraba ta ɗanɗani irin wannan umarni tun tana ƙarama. An haife ta a Kano a ƙarshen shekarun 1950, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya mulki Najeriya daga Yulin 1975 har zuwa kisan gillar da aka yi masa ranar 13 ga Fabrairun 1976. Girman gida bai hana a cire ta daga makaranta ba, aka aurar da ita ba ta wuce shekara 13 ba ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren da bai kai shekara biyu ba ya mutu. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa wannan yankewar karatu ce ta sa take rubutu da Hausa ba da Turanci ba. Daga baya ta koma aji ta hanyar makarantun ilimin manya na Jihar Kano, irin ajujuwan da suka koya wa matan aure da zawarawa da yawa karatu, su kuma suka zama masu sayen littattafan da wasu 'yan boko suka riƙa kira adabin kasuwar Kano cikin raini. Hafsat Abdulwaheed ta riga ta share wa mata fage da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba ta shigo da Budurwar Zuciya a 1987, ta zama cikin jiga-jigan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, sannan a 1990 ta fitar da littattafai biyu da suka kafa sunanta: Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne.

Na farkon labarin Abu ne, yarinyar ƙauye mai son karatu wadda mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawarin aure, da ya yi boko ya ga birni, sai ya ce shi ba zai auri jahila ba. Don a wanke wannan kunya aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta. Marubuciyar ba ta saki labule a daren farko ba kamar yadda aka saba, ta bar mai karatu ya ga abin da ake yi wa jikin yarinya da sunan aure. Abu ta gudu, ta sami mafaka a birni, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. Na biyun labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, wanda yake ƙuntata mata a cefane alhali yana watsa kuɗi a waje, har ya auro Delu ya kori Rabi da yaranta. Babu aljani a labarin, babu zoben sihiri. Akwai kuɗin cefane da ba ya isa, da kuɗin makaranta, da tukunyar abincin sayarwa da Rabi ta ɗora don ta riƙe 'ya'yanta. Duk matar da ke tashi tun asuba a Maamobi ta dafa waakye ko ta dama koko don ta biya wa yara makaranta, ba sai an yi mata bayanin Rabi ba.

Irin wannan labari yana yin abu biyu da doka ba ta iya yi. Na ɗaya, yana raba ƙaddara da zalunci. Macen da ta tashi tana ganin ana dukan uwarta da yayarta ba ta ɗaukar duka a matsayin laifi, rabo take ɗaukarsa, kuma ba a kai ƙarar rabo. Ranar da ta ga rayuwarta a jikin Rabi, ta ga kuma an kira abin da Alhaji Abdu ya yi alhaki, ranar ce za ta fara tunanin akwai mai laifi. Na biyu, yana sauya wa kunya mazauni. A al'adar rufin asiri kunyar tana kan wadda aka cuta. Ita ke sunkuyar da kai, ita ake tambaya me ya kai ta ɗakinsa, ita ake jefa wa karin maganar ɓera da daddawa. A littafin Balaraba kuwa mai karatu da idon Abu yake kallon Sarkin Noma, in ya rufe littafin dattijon ne abin ƙyama. A Wane Kare Ne Ba Bare Ba? na 1995 ta ƙara kutsawa, ta taɓo mai dukiyar da ke lalata 'yan mata yana fakewa da mutuncinsa a gari. Kotu tana hukunta mutum ɗaya bayan ɓarna ta auku. Labari kuwa yana gyara yadda unguwa take kallon abin, kuma wannan kallon ne yarinya take aunawa kafin ta yanke shawarar ta yi magana ko ta haɗiye.

Littafi dai yana da iyaka, kuma Balaraba ba ta tsaya a kansa ba. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim, ita ma ta shiga harkar tana rubutawa tana shiryawa, har zuwa Juyin Sarauta, fim ɗin tarihi kan rikicin gidan sarauta. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci ta labarin Rabi da Aliyu Kamal ya yi, wadda ake ɗauka a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko na wata marubuciyar Hausa da aka juya zuwa Turanci. Abin lura ga mutumin zango shi ne, mai karatu a Indiya ko Ingila yana iya karanta wannan littafi, amma matasa da yawa a Nima da Hausa ce yaren gidansu ba za su iya karanta na asalin a sauƙaƙe ba. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnatin Ghana ta zaɓa ake koyarwa a makarantu. Yaron Madina yana koyon Turanci da Ga ko Twi a makarantar boko, Larabci a makarantar allo, Hausa kuwa da kunne ya ɗauke ta. Saboda haka a zangunan Accra saƙo ta ido da kunne yake shiga: fina-finan Kano, shirye-shiryen Arewa24 tun 2014, gidajen rediyo irin su Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi, wa'azi, waƙar biki, da saƙon murya a WhatsApp. A Kano marubuciya tana iya ɗaukar fim a matsayin ƙari. A Madina wasan kwaikwayo da murya su ne hanyar, wanda bai bi ta nan ba da kansa yake magana.

Mataki na uku shi ne wanda masu fasaha da yawa suke tsallakewa. Bayan littafi da fim, Balaraba ta yi aiki da Gidauniyar Murtala Muhammad tana kula da sashen sauraro da kwantar da hankalin mutanen da suka shiga tashin hankali. Wannan ba sauya sana'a ba ne, cika alkawari ne. Duk wanda ya sa mace ta buɗe baki ya ɗauki wani kaso na abin da zai biyo baya, domin in ta yi magana ba ta tarar da kowa ba, ta fi da shiga uku: miji ya ji, dangi sun yi fushi, wurin kwana ya gagara. A dubi abin da ya daɗe yana faruwa a Ghana. Uwa ta ɗauki 'yarta zuwa ofishin DOVVSU, a rubuta ƙorafi, a miƙa mata takardar da likita zai cike bayan ya duba yarinyar. A asibiti a ce sai ta biya ɗaruruwan sidi kafin a sa hannu, alhali dokar 2007 ta tanadi kulawa kyauta. Kuɗin ya fi jarin sana'arta. Sai ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zani, ta kama hannun yarinyar su hau motar haya su koma gida, shari'ar ta mutu tun ba a buɗe ta ba. 'Yar wasan Ghana Ama K. Abebrese ta gane wannan. Ita ce ta fito a matsayin matar da miji ke azabtarwa a fim ɗin Sinking Sands na Leila Djansi, rawar da ta ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasa ta Afirka a 2011. A 2020 ta tattara sa hannun jama'a tana neman a soke kuɗin duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, ta mayar da wannan takarda batun da ƙasa ke tattaunawa. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da gidan mafaka na Ark Foundation a Ghana wanda ya sha fama da ƙarancin kuɗi, su ne irin wuraren da labari ya kamata ya nuna wa mai sauraro hanyarsu.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce tona asiri. Mutumin zango ya gaji da ganin sunan Nima a jarida kusa da fashi da 'yan bangar siyasa, ya san matashin da aka ƙi ɗauka aiki don an ji unguwarsu. Kafa ma'aikata ta musamman don raya zanguna a 2017 ma amincewa ce cewa an daɗe da yin watsi da su. To don me, in ji shi, za mu ƙara ba maƙiya abin faɗa? Tsoron gaskiya ne, amma maganin da ake ba shi ba ya aiki. Shiru bai taɓa wanke sunan unguwa ba, mai laifi kaɗai yake rufa wa asiri, shi kuma ya sami damar komawa ga yarinya ta gaba. Kuma labarin ba ya zama a binne har abada. In 'yar gida ba ta ba da shi cikin sani da tausayi ba, baƙo zai zo da kyamara ya ba da shi ba tare da ko ɗaya ba. A littattafan Balaraba akwai azzalumin miji, akwai kuma dangin da suka tsaya wa Rabi, akwai 'yarta Saudatu da ta dace da miji mai mutunta ta. Mai ƙaunar al'umma ne kaɗai ke iya zana ta haka, da kyawunta da muninta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Hujja ta biyu ita ce wai duk wannan aƙidar Turawa ce da ake shigowa da ita da kuɗin ƙungiyoyin waje. Da wuya a manna wannan zargi ga matar da aka cire daga firamare, ta yi rubutu da Hausa, aka sayar da littattafanta a kasuwannin Kano. Manazarci Novian Whitsitt, a nazarin da ya buga a 2002, ya nuna cewa daga cikin Musulunci take ciro hujjarta, ba daga wajensa ba. Kuma hujjar tana nan. Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Suratul Mujadala ta buɗe ne da labarin matar da ta kai kukan mijinta, kuma aka saurare ta. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana bayyana mummunar magana, ta keɓe wanda aka zalunta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta haɗa abubuwan nan uku tun kafin a haifi kakannin masu zargin: ta rubuta waƙoƙi, jajinta, wato malamanta mata, suka haddace suna rerawa ƙauye-ƙauye, matan ƙungiyarta ta 'Yan Taru kuma suka riƙa koyar da mata suna kula da marasa ƙarfi. A zamaninmu Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili a 2017 yana neman dokar iyali da za ta hana dukan mata da auren dole. Abin da yake baƙo ga addini shi ne a ce wa wadda aka zalunta ta yi shiru don a kare azzalumi.

Hujja ta uku ta fito ne daga ɗaya ɓangaren: wai labari ba ya sauya komai, ga shi ma a ƙarshen Alhaki Kuykuyo Ne, bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu kuma Delu ta juya masa baya, dangi sun matsa wa Rabi ta koma masa. Wannan ƙarshe yana ƙona ran mai karatu, amma a nan gaskiyar marubuciyar take. Ta nuna cewa mace tana iya kasancewa da gaskiya, kowa ya shaida, kuma a mayar da ita, matuƙar ba ta da muhalli nata, ba ta da doka a bayanta, ba ta da wanda zai ce wa manya a'a. Da ta ƙare labarin da biki da guɗa, da ta yi wa masu karatunta ƙarya. Ba wanda zai ce littafi kaza ne ya haifi doka kaza. Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin jama'a a 2015, Jihar Kano ta yi dokar kare yara a 2023, shekara 33 bayan labarin Abu, kuma hannaye da yawa ne suka yi aikin. Amma 'yan majalisa ba sa taɓa abin da jama'a ba su fara furtawa ba, kuma wani ne yake fara furtawa. Masu adawa da littattafan ma sun shaida ƙarfinsu. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, hukumar tace fina-finai kuma ta matsa wa marubuta da 'yan fim lamba. Ba a tara jama'a don ƙona abin da ba ya tasiri.

Hujja ta huɗu ta fi sauran nauyi, kuma dole a karɓi rabinta. Akwai mai mayar da hawayen wasu jari, ya ɗora fuskar yarinyar da aka lalata a TikTok don ya tara mabiya, ya bar ta da tabon da intanet ba ya gogewa. Akwai kuma haɗarin zargi ba hujja. A Fabrairun 2019 yunƙurin ArewaMeToo, wanda Fakhrriyyah Hashim ta raɗa wa suna, ya sa matasan arewacin Najeriya da yawa suka faɗi abin da suka shekara suna ɓoyewa, kuma 'yan sanda suka kama marubuciya Maryam Awaisu saboda rawar da ta taka, abin da ya nuna irin kasadar da mai tsaya wa wasu yake ɗauka. Amma ya kuma taso da tambayar yadda za a yi adalci in dandalin sada zumunta ya zama kotu. Mutanen Ghana ba su manta da Manjo Maxwell Mahama ba, sojan da gungun jama'a suka kashe a 2017 bisa zaton ɗan fashi ne. A nan ne hanyar Balaraba ta fi hanyar fallasa. Sarkin Noma ba kowa ba ne, don haka ba wanda zai kai ƙarar ɓata suna, ba wanda za a far wa da sanda, amma kowace unguwa ta san nata Sarkin Noman. Ƙagaggen labari yana tona halin, ya bar tona mutum ga mai bincike da alƙali. Ƙa'idar a fili take: labarin wata ba a ba da shi sai da izininta, ba a nuna fuskar yaro, kuma mai laifi wurin hukuma ake kai shi, ba wurin gungun matasa ba.

Zangunan Ghana ba su rasa masu basira ba. Mohammed Naseehu Ali, ɗan zangon Kumasi, marubuci kuma makaɗi, ya kai rayuwar zango idon duniya da The Prophet of Zongo Street a 2005, sai dai da Turanci. Mawaƙan VIP daga Nima sun sa Hausa a bakin matasan Ghana da ba su taɓa kwana a zango ba. Moh Awudu ya mayar da bangayen unguwa allon zane. Ƙungiyar Achievers Ghana ta daɗe tana riƙe 'yan matan Nima da Maamobi a makaranta don kada a yi musu auren wuri, ga kuma FOMWAG, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da ke shiga gidajen da jami'in gwamnati ba ya shiga. Maryam Bukar Hassan, wadda aka fi sani da Alhanislam, 'yar marigayiya jarumar fim Hauwa Maina, ta yi karatun jami'a a Accra, ta yi suna da waƙar baka a kan dandamali, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta mai fafutukar zaman lafiya a 2025. Kayan aikin duk suna nan, a warwatse suke. Mawaƙi yana da jama'a amma bai san inda zai tura mai kuka ba. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta san hanya amma da Turanci take bayani a ɗakin taro na otal. 'Yan mata masu dako a kasuwar Madina, waɗanda ake kira kayayei, suka baro arewacin Ghana suna kwana a bakin shaguna, ba sa cikin masu sauraron ko ɗaya daga cikinsu, alhali su suka fi kowa shiga haɗari.

Haɗa waɗannan ba ya buƙatar abin al'ajabi. Wasan kwaikwayo na rediyo da Hausar zango, wadda ake yi a bakin famfo ba ta littafi ba, wanda kowane kashi zai ƙare da bayanin inda ake kai ƙara da haƙƙin da doka ta ba mai ƙara, ba zai ci kuɗin gina kwalbati ɗaya ba, kuma Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017 yana iya ɗaukar nauyinsa. Limamai da sarakunan zango, waɗanda jama'a ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i, suna iya shata layi a fili: rigimar cefane da ta kishi a kawo mu sasanta, amma fyaɗe da lalata yara da dukan da ya kai ga rauni laifuka ne da ba a kashewa a zaure. Su kuma masu fasaha su sani cewa wannan fage ba na neman tafi ba ne. Balaraba ta sha suka shekara da shekaru kafin a fara karrama ta, kuma ba yawan kyaututtuka ne ya sa aikinta ya zama abin koyi ba. Abin da ya sa shi ne ta faɗi abin da harshen waɗanda abin ya shafa, ta kai shi inda suke ta hanyar da za su iya ji, sannan ta zauna ta saurari waɗanda suka amsa. Duk mai fasahar Madina ko Nima da ya ɗauki wannan aiki, da waɗannan ukun za a auna shi, kuma na ukun ne zai nuna ko da gaske yake.